Nomau Mahauci da Tunkiyar Nowel

Nomau mutumin ƙasar Dogondutsi ne. Ya iso Abidjan bayan garken shanun wani, ya zauna a unguwar Adjamé, ya koyi fawa. Kowace safiya yakan ƙetare gadar da ke yawo bisa ruwa zuwa Treichville, ya shimfiɗa namansa a bakin kwata, wajen kasuwa, inda rana ke dafa shi tun kafin mai saye ya zo. Manyan mahauta suna ciki, ƙarƙashin rumfar kwano, kowa da teburinsa. Teburin nan shi ne dukan burin Nomau a duniya. Na san shi shekara da shekaru, ban taɓa jin ya yi kwaɗayin wani abu da ya fi katako huɗu da inuwa ba.

Hannunsa na da kyau a fiɗa, wannan ba a ƙwace masa. Sauran jikinsa kuwa na durƙuso ne. In ya hango farar hular Bature daga nesa, gwiwarsa takan riga tunaninsa isa ƙasa.

A shekarar 1938 wani ya gaya masa cewa Baturen kasuwa ba ya ƙin takardar neman tebur in ta fito daga hannun limamin Kirista, wani Bafaranshe mai gemu da kowa ke kira Mompe. Tun daga ranar Nomau ya zama ɗan gida a cocin unguwa. Bai bar salla ba, bai kuma shiga addininsu ba. Yana dai tsaye a bakin ƙofa da hanta a ƙunshe cikin ganye.

Lokacin ana shirin Nowel, sallar Kirista. Malamin yaran coci, wani ɗan ƙabilar Baule mai suna Kwadio, ya tsara musu wasan haihuwar Annabi Isa: wasu makiyaya, wasu mala'iku da fukafukan takarda, sannan a ci abinci. Abu ɗaya ya rage, 'yar tunkiyar da makiyaya za su kai wa jariri. Nomau ya yi tsalle ya ce wannan nasa ne. Ya kawo fara sol, 'yar wata biyu, mai baƙin kunne ɗaya. Kwadio ya yi masa bayani da Dioula, harshen da Nomau ke ciniki da shi kullum, cewa yara za su ɗauke ta a wasa. Nomau ya yi ta gyaɗa kai yana cewa wi, wi, wato "to" da Faransanci.

Mako uku yara suna gwaji kowace la'asar a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Suka yi wa tunkiya wanka, suka ɗaura mata jan kirtani a wuya, suka riƙa faɗa kan wanda zai ba ta dusa. Wata yarinya 'yar shekara bakwai ita aka zaɓa ta rungume ta, har tunkiyar ta san muryarta. Nomau yana zaune a gefe duk ranakun nan, ba don wasan ba, don Mompe ya gan shi. Ya ga an yi fiye da sau goma, tun daga shigowar mala'iku har zuwa waƙar ƙarshe, sai ya ɗauka ai wasan ke nan, an yi an gama. Abin da ya sani tun yana yaro shi ne, dabbar da aka ɗaure a gidan biki ranar biki wuƙa take jira, kuma mai hankali ba ya bari sai an roƙe shi.

Matarsa Tsahara ta gan shi yana wasa wuƙa da sassafe ranar bikin, ta tambaye shi ko an ce ya yanka.

"Ke dai ba ki san manya ba," in ji shi. "Bature ba ya faɗa da baki, gani yake so."

"To, Malam, Allah ya sa abin da ka gani shi ne."

Ya isa coci kafin kowa. Tunkiya na ɗaure a bayan ɗaki, ta taso da gudu tana zaton dusa ce. Ya fuskantar da ita gabas, ya yi bismilla. Kafin rana ta ɗaga ya feɗe, ya kasa nama kashi-kashi bisa ganyen ayaba, ya wanke kayan ciki, ya shanya fata a kan katanga ba huji ko ɗaya. Jan kirtanin ma ya naɗe shi ya ajiye a gefe. Sannan ya tsaya yana jiran yabo.

Yara suka fara zuwa, sanye da fukafukansu. Yarinyar nan ta dubi fatar da ke kan katanga, ta ga baƙin kunnen, ta zauna a ƙasa. Kukan ya fara daga ƙananan, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kwadio ya riƙe kai. Da Mompe ya fito, Nomau ya zube, ya nuna masa cinya mafi kyau da ya ware masa, kuma a nan, da jini a farcensa da kukan yara a bayansa, ya tuna masa zancen takarda. Mompe ya dube shi, ya ce wa Kwadio ya raka Nomau bakin titi.

Da la'asar aka yi wasan. Wani makiyayi ya rungumi ƙullin tsumma, yarinyar kuwa ba a ganta ba.

Teburin da ya rasa mai shi a wannan shekarar wani Inusa aka ba, wanda bai taɓa taka ƙofar coci ba. Nomau ya tsufa a bakin kwata. In mahauta suka tsokane shi, suka tambaye shi labarin Mompe, yakan kore ƙuda daga namansa ya ce, su faɗi abin da suka ga dama, amma a duk Treichville ba wanda zai feɗe tunkiya kamar yadda ya feɗe waccan.