Ko Baba ya yi alwala da ruwan teku?

Shekaru sun ja, kuma ban yarda da ƙwaƙwalwata sosai ba. Mai yiwuwa na haɗa wata rana da wata, ko na sa maganar wani a bakin wani. Zan faɗi abin da nake jin na gani.

Ina ƙarshen karatun injiniya a Villeurbanne aka kawo Baba Lyon, birnin da ke dab da mu, aikin ido. Aiki ya yi kyau, amma likita ya ce an sa wata iska cikin idon, ba zai hau jirgin sama ba sai ta baje, ga bizarsa ta kusa ƙarewa. Kawu, ƙanen Inna, yana da shago a unguwar Barbès ta Paris, kuma yakan kora tsofaffin motoci zuwa gida ya sayar. Ya ce a waya, "To mene ne abin kuka? Ƙasa ba ta ƙare ba. Ku taho Paris mu ɗau hanya." Muka tashi daga gidansa na Clichy-sous-Bois, a gefen Paris, mu huɗu: shi, Baba, ni, da ƙanwata da ke karatu a Paris.

Baba manomin albasa ne a ƙasar Tawa, bai taɓa ganin teku ba. Ranar da muka ƙetare zuwa Maroko a jirgin ruwa idon yana rufe da auduga, ɗayan kuma dama ba ya gani da nisa. Sai da muka yi kudu sosai, garuruwa suka ƙare, sannan ya fara tambaya. Hamada a hagu, teku a dama, kwalta a tsakani kamar an ja zare.

"Wane ne ke sheƙa hatsi haka ba hutu?"

"Teku ne, Baba," in ji ƙanwata.

Baba ya ce, "Ruwa nan, ƙasa nan, amma ba sa gaisawa. Da a gidanmu ne da albasa ta kai Makka."

Daga nan ya ƙudura abu guda: zai yi alwala da ruwan nan ko sau ɗaya. Ni kuwa likita ya ja mini kunne kada ruwa ya taɓa idon, balle mai gishiri. Kuma gaɓar wurin dutse ce mai tsawo, ruwan na can ƙasa, ga alluna a wasu wurare na gargaɗin nakiyoyin da aka binne. Duk lokacin salla sai in miƙa masa dutsen taimama.

"Alhaji, ɗanka injiniyan tsoro ne," Kawu yakan ce. "Da shi ya gina jirgin Annabi Nuhu da har yau ana awo."

"Bar shi," in ji Baba. "Uwarsa ya ɗauko."

"Yayata kake zagi a cikin motata?"

Wata la'asar, ina jin bayan garin Dakhla ne, ko da yake ban rantse ba, muka ga wata hanyar masunta ta gangara har bakin ruwa. Akwai wasu direbobi biyu 'yan Maraɗi da muke tafiya tare tun daga wani shingen jandarma, su ma suka tsaya. Abin da nake gani har yau shi ne Baba a tsugune, ya naɗe wando, ya tara hannu yana jiran ruwan ya zo masa. Ya kurkure baki, ya tofar, ya ce, "Kai! Mai girkin nan ba ta da tausayi." Na rufe masa idon da tafina, ya wanke sauran fuskar. Ina tuna sanyin gemunsa a wuyan hannuna.

Baba ya rasu damina biyu bayan haka. Ban je jana'iza ba, ina sabon aiki, takarduna ba su fito ba. Wannan la'asar ce nake riƙe da ita. Ko a tiram nake, jirgin ƙasan cikin gari, hanyar ofis, in na rufe ido can nake komawa.

Bana, da azumi, na ba ƙanwata labarin. Ta ce, "Yaya, ba haka aka yi ba. Iska ta yi yawa, ka ce a koma mota. Kan rairayi ya yi taimama, yana jin ƙarar ruwan. Maganar gishirin ma a kan shayi ya yi ta." Ba da faɗa ta faɗa ba. Na je Barbès na tambayi Kawu, yana auna wa wata mata shadda. Ya ce ya bi hanyar nan ba adadi, duk bakin ruwan ya zame masa ɗaya. "Amma in ka ce ya yi, to ya yi, ɗana." Wannan amsa ba ta kwantar mini da rai ba.

Saura direbobin nan biyu. Ban riƙe sunayensu ba. Ɗaya dai yana da tsagar Gobirawa, kuma shi ya riƙe wa Baba takalma, in har an riƙe. In wannan rubutu ya iske ɗayanku, ko wanda ya ji labarin daga bakinku, don Allah a aiko mini da gyara ta hannun Kawu. Ko da amsar ita ce ruwan bai taɓa shi ba, ina so in sani.