Kanwa a Kwalbar Kifin Baba

Har yau idan na tuna yayan mijina sai tsaki ya kuɓuce min. Malamin jami'a ne a gida, da gemunsa da tumbinsa, ya zo Kuala Lumpur yin digiri na uku, ya sauka a ɗakin baƙinmu a unguwar Danau Kota wai kafin ya samu wuri. Wurin da ko sau ɗaya bai fita nema ba. Duk zancen da aka ɗauko ya fi kowa saninsa. Ko yadda ake tuƙa tuwo ka ambata sai ya gyara maka, alhali bai san inda muciya take ba.

Ƙofarmu tana kallon ta wani dattijo ɗan ƙasar, tsohon direban tasi, muna ce masa Baba. Yana kiwon wasu ƙananan kifaye na faɗa, ba su wuce ɗan yatsa ba, kowanne a kwalbarsa, da kwali a tsakani don kada su hangi juna. Ya ce min a ƙauyensu da ƙuruciya haɗa biyu ake yi a kwalba ɗaya, maza su kewaye suna ihu har ɗaya ya juya baya. Shi ya daina tuntuni, kiwon kawai ya rage masa. Ni dai faɗan bai taɓa burge ni ba. Ƙatti da hankalinsu su tsuguna suna zuga abin da ko miya ba zai yi ba!

Da Baba zai tafi Umara, 'ya'yansa suka kwashe sauran kifayen, amma wani ja da ya fi ji da shi ya kawo min da kansa, don jikokinsa ba sa barin kwalba ta huta. Ya nuna min ɗan abincin da zan riƙa barbaɗa masa, da busasshen ganyen da ake jefawa a ruwan har ya koma kalar shayi. Ya ce, "'Yata, ke na yarda da ke." Na karɓa da hannu biyu, na ajiye a saman firji.

Yaya na ganin kifin sai ya miƙe tsaye. Su a garinsu karon raguna ake yi, kuma a faɗarsa ragon kakansu bai taɓa ja da baya ba. Ya ɗauko madubina ya kara a jikin kwalbar, kifin ya buɗe fiffike ya kumbura wuya. Yaya ya buga cinya ya ce, "Kai! Wannan namijin duniya ne, ana ɓata shi da zaman banza." Kafin in ankara ya je shagon mamak, wato mai shayin nan ƙasar, inda ɗalibai 'yan ƙasarmu suke shan shayi, ya cika baki a gaban yaran nan 'yan kwaleji da iyayensu ke turo wa kuɗi. Ashe ɗaya daga cikinsu yana da shuɗin kifi. Suka sa ranar Asabar za a haɗa kifayen faɗa.

Na ce, "Yaya, don Allah a yi haƙuri, amana ce fa."

Ya ce, "Ke me kika sani game da dabba?"

Na kai ƙara wajen mijina, ya ce in rabu da shi, baki ne kawai. Shi dama a gaban yayansa ko tari sai ya nemi izini.

Ranar Juma'a da safe na tafi shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman sayen mayafi. Ina dawowa na tarar da kwalbar a kan teburin cin abinci, ruwan ya yi fari-fari, kifin ya kwanta ta gefe yana buɗe baki. Ga ganyen Baba an tsame an yar a kwandon shara. Ga ledar kanwata a buɗe, wadda na taho da ita tun daga Kano don miyar kuka. Yaya na zaune yana kaɗa ƙafa.

"Ragon da za a kai karo kanwa ake ba shi," in ji shi. "Ta wanke masa ciki, ta sa masa ƙarfi. Wancan dattin ganyen na cire shi."

Innalillahi! Mai neman a kira shi dakta, amma bai bambance rago da kifi ba. Na sauya ruwan, na jefa sabon ganye, na zauna ina kallo. Kafin la'asar ya daina motsi. Wallahi na yi kuka, kuma rabin kukan na takaici ne.

Yaya ya leƙa kwalbar ya taɓe baki, ya ce dama kifin ba shi da ƙwari, gara da ya mutu a gida da ya kunyata shi a bainar jama'a. Mijina kuwa ya bi ni kicin yana magiya ƙasa-ƙasa, wai in Baba ya dawo kada in ambaci Yaya, babba ne, a rufa masa asiri. Na dube shi daga sama har ƙasa, na ci gaba da wanke-wankena.

Da Baba ya dawo, da hantsi ya ƙwanƙwasa mana, riƙe da dabino da 'yar gorar zamzam. Yaya na jin sallamarsa ya shige ɗaki, na ji ƙarar sakata. Mijina ya tsaya a bayana yana sosa ƙeya. Na yi wa Baba barka da sauka, na miƙa masa kwalbar a wanke, na ce, "Baba, ya mutu a hannuna."

Ya juya kwalbar a tafinsa. Ya tambaya ko na sa ganyen, na ce na sa. Ya tambaya ko abinci ne ya yi yawa, na ce a'a. Ya ɗan jira ko zan ƙara wani abu, na sunkuyar da kai. Sai ya ce, "Ba komai, 'yata. Laifina ne, da na kai wa wanda zai kula." Ya ajiye min tsarabar, ya juya a hankali ya shiga gidansa. Da marina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ƙofarsa na rufuwa tamu sakatar ta buɗe. Yaya ya fito yana miƙa, ya ja kujera, ya zura hannu a dabinon, ya tauna ɗaya, ya tofar da ƙwallon a tafin hannunsa. Ya ce, "Wannan ai ba mai kyan ba ne. Tsohon nan bai iya zaɓen dabino ba."