Jirgin Kawu Mamman a Ranar Zaɓe

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Kawu Mamman, ƙanin innarmu, amma ban taɓa jin nauyin rubutu a kansa irin na bana ba.

Kawu mai jirgin ruwa ne a Warra. Aikinsa jigilar mutane da buhunan kifi daga ƙauyukan tsibiri zuwa kasuwa. Ya yi ƙuruciyarsa a zamanin soja, lokacin da mutum zai tashi da safe ya kunna rediyo, ya ji an sanar da shi sabon mai mulkinsa. Abin ya daɗe yana yi masa ciwo. Da farar hula suka dawo, sai ya ɗora wa kansa wani aiki: duk ranar zaɓen shugaban ƙasa, jirginsa kyauta ne. Tun da hantsi yake ta kai da komo, ya kwaso masunta da matansu, da Fulanin da ke mashekari a gaɓa, ya kai su rumfar zaɓe ya mayar da su. Bai taɓa tambayar kowa wa zai zaɓa ba.

Sau da yawa wanda yake so ba ya ci. Nakan zolaye shi cewa ya ƙona mansa wajen ɗauko masu kayar da shi. Sai ya yi dariya ya ce, "Kujerar nan ba ta gado ba ce, ɗana. Aro muka ba shi, mu duka. In bai yi ba, mu amshe." Washegari kuma ka ji shi a masallaci yana yi wa wanda ya ci addu'a.

Jirgin yana nan, a hannun ɗansa Bala. A zaɓen da ya wuce na baro Yauri na je gida, na shiga jirgin don in tuna baya. A hanya na fahimci wasu 'yan siyasa sun riga sun yi hayarsa. Da muka isa wani tsibiri, Bala ya tsaya a bakin jirgi yana tace mutane. Wata tsohuwa mai ƙyafa kifi, Inna Kulu, ta matso da katinta a ƙulle cikin gefen zane.

"Inna, wa za ki yi?" in ji Bala.

Ta dube shi ta ce, "Ubanka bai taɓa yi mini wagga tambaya ba."

"Zamani ya canza, Inna."

Na yi masa magana, ya ce in bar shi ya ci abinci, ni albashi gare ni. Injin ya tashi. Tana tsaye cikin ruwa iya ƙauri har muka yi nisa, kuma ba kowa cikinmu da ya iya kallon ɗan'uwansa.

Me Kawu zai ce da ya ga haka? Ba na jin zai zagi wanda ke kan kujera, ko wane ne. Mu zai duba. Kullum muna zaune a tasha muna kukan shugabanni ba su san da mu ba, alhali ranar da aka ba mu dama mu naɗa su, mu muka bar tsohuwarmu a gaɓa.

Bayan wata biyu na gamu da Inna Kulu a kasuwar Warra. Na so in kauce, ta riga ta gan ni. Na durƙusa na fara ba ta haƙuri, ta tare ni.

"Ai na yi zaɓena," ta ce. "Jikan Malam Audu na tsibirinmu ya kai ni da kwalekwale, da ni da wasu tsofaffi. Ya ce yana yaro ya ga Mamman na yi."

Ta ɗaura mini kifi a takarda, ta ƙi karɓar ko kwabo. Wanda ya gaji jirgin daban, wanda ya gaji halin daban, kuma ba daga gidanmu ya fito ba. Allah ya jiƙan Kawu, mu kuma ya shirye mu.