Moton Jirgi a Zaurena

Shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci ce moton injin niƙana ya ƙone. Matan unguwarmu ta Ƙofar Kibo suka fara aika hatsinsu wani wuri, ni kuwa da niƙan nake ciyar da gida.

Ana haka yayan matata ya zo da wani moto a kan kura, ya sa aka sauke shi a zaurena. Ya sha sabon fenti kore, har kan kusoshinsa.

"Daga kan jirgin ƙasa aka ciro shi," in ji shi. "Abin da ya ja taragai, gero ne zai gagare shi? Ka ba ni tsohon naka, ka riƙe wannan."

Na ce, "To, Yaya, Allah ya saka da alheri." A wurinmu ba a ƙaryata yayan mace a fuskarsa. Amma fentin nan ya tsaya mini a rai.

A aji, kusa da ni wani dattijo ke zama, wanda ya yi aikin gyaran kan jirgi har ya tsufa. Bayan darasi na jawo shi gida. Ya zagaya moton, ya buɗe wani murfi, ya zaro ɗan baƙin abu kamar gawayi.

Ya ce motocin tsofaffin jirage wuta mai tafiya miƙe suke ci, irin ta batir, kuma da irin wannan gawayin suke aiki, yana cinyewa ana canzawa. Na sababbin jirage kuwa wuta mai kaiwa da komowa suke ci, dangin wutar gari, ba ruwansu da gawayi.

"Baba, wannan fa na jirgi ne?"

"Na jirgi a kan kura? Ko amalanken shanu sai ya yi nishi. Ban san inda aka samo shi ba. Amma ina zaton na wutar batir ne. Ka sa masa wutar gari, ƙila ka ga hayaƙi."

Da yayan ya dawo karɓar tsohon motona, na shimfiɗa masa tabarma, aka kawo fura. Na ce, "Yaya, ni ban san kan abin jirgi ba. Ranar da aka kawo wuta, ka zo ka kunna shi da hannunka in koya."

Ya ce ba komai.

Daga nan na lura da zuwansa. Duk ranar da unguwa ba wuta, sai ga shi da sallama yana tambayar tsohon moto. Ranar da fankoki ke juyawa, ko a masallaci ba na ganinsa. Kullum amsata ɗaya ce, mu jira wuta.

Da na ga haka na kai tsohon nawa wurin masu gyara a unguwar Tukur-Tukur, aka sake masa naɗin waya. Niƙa ya dawo, matan ma suka dawo a hankali.

Koren moton yana nan a zaure. Matata na ɗaure akuya a jikinsa, kuma har yau ba ta tambaye ni dalili ba.