Inda Kwikwiyo Zai Buɗe Ido

Duk wanda ya san gefen Toranke ya san Hamma da jajayen karnukansa. Dogaye ne, sirara, ciki a ɗame kamar ba a ba su abinci, kuma ba sa haushin banza. Kakansa ne ya gangaro da su daga arewa tare da shanu, tun wurin nan yana daji. Aikinsu su kewaye garke, su juyo da saniyar da ta nufi gonar mutane, ba cizo ba hayaniya. Manoman da ba sa yarda kare ya shinshini butarsu ma sun san albarkacin karnukan nan dawarsu take kai girbi.

A gidan su Hamma ba a sayar da kare, sai dai kyauta. Kuma tun idon kwikwiyo yana rufe ake kai shi gindin dangwali, igiyar da ake ɗaure maruƙa, don ranar da ya buɗe ido shanu zai fara gani. Wanda ya buɗe ido a tsakar gida, in ji Hamma, ya tashi karen bola ke nan, kowace ce uwarsa.

Sai shekaru suka yi halinsu. Gonaki suka matse burtali, ciwo ya kwashe wasu shanun, hidimar iyali ta cinye saura. Hamma ya wayi gari daga shi sai sanda, sai malafa, sai karya guda mai suna Marka. Da azahar yakan jingina da tsamiya, ido rabi a rufe, ya ga garken mahaifinsa yana tasowa daga kawalwalniya, farare fat, ƙahonni na rausaya, jajayen karnuka na shawagi a gefe, ƙafafunsu ko taɓa ƙasa ba sa yi. Marka ma takan ɗaga kunne ta dubi wajen. Shi dai ya rantse tana ganinsu, ni kuwa ban isa in ƙaryata dattijo ba.

Bara bayan girbi wasu makiyaya suka sauka kusa da shi da wani jan kare, jikan wani karen da Hamma ya taɓa bayarwa kyauta. Da lokaci ya yi, Marka, da kowa ya fid da rai da ita saboda tsufa, ta haifi mace ɗaya tal, ja wur. Hamma ya yi murna kamar an yi masa jika, sannan hankalinsa ya tashi, don ko maraƙi ɗaya babu a gidan. Matarsa ta ce ai ga awaki nan, ya ajiye ta wurinsu mana. Ya dube ta kamar ta zage shi.

Ƙanwarsa Hansai tana wata ruga bayan garin Balan, 'ya'yanta har yanzu suna da garke, suna ma shirin tafiya kudu cin rani. Hamma ya naɗe kwikwiyar a tsohon buhu ya taka da ƙafa, Marka na biye da shi, tunda babu mai babur da zai goya kare. Duk inda ya huta sai ya leƙa buhun, kada a ce idon ya buɗe a hanya. Allah ya taimake shi, har ya kwantar da ita tsakanin maruƙa idon bai buɗe ba.

"Hamma, ba a raba jinjiri da nono fa," in ji Hansai. "Uwar za ka bar mana ita ma?"

Ya san da haka tun kafin ya baro gida, sai dai ya ƙi bari zuciyarsa ta sani. Da zai tafi ya kira Marka sau ɗaya, a hankali. Ta ɗaga kunne ta dube shi, sannan ta juya ta bi wata karsana da ta fara ratsewa.

"Da ta biyo ni, da na ji kunya," ya ce.

Ya kama hanyar Toranke, daɗi da baƙin ciki sun cika masa ƙirji. Tun yana yaro bai taɓa tafiya babu kare a bayansa ba, shi ya sa har ya isa gida yana rage sauri, wai ko za a cim masa.