Yinin da Inna ta yi a Kano

Shekarun baya can, lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa kowa ya ɗaura niyyar Makka, mahaifiyata ma ta samu kujera. A wancan zamanin duk maniyyacin Gombe sai ya je Kano yake hawa jirgi, ni kuwa da nake auta ni aka ɗora wa rakiya. Ina ɗan ma'aikaci a gidan gurzar auduga, ga wando mai faɗin ƙafa, ga suma na tara kamar kwando. Inna takan ce kaina ne ke fara yin sallama kafin ni in shigo.

A Kano akwai yayana, ɗanta na fari. Mu Fulani ne, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana sai ta bakin wani. Tun da aka yaye shi baffanmu mai fataucin shanu ya tafi da shi Kano. Can ya girma, ya yi aure, ya kafa rumfar yadi a kasuwar Kurmi. In za ta ambace shi sai ta ce "na Kano". Ni kuwa sunana ya sha kira har ya gaji, tun daga unguwarmu ta Jekadafari har bakin kasuwa an san muryarta a kaina.

Kafin mu tashi, Hamma, haka muke ce masa, wato yaya da Fulatanci, ya aiko mini da saƙo ta bakin wani direba. Ya ce lallai in kawo masa Inna. Ba ya son komai sai ya ji ta yi masa magana da bakinta kafin ta tafi, don ba duk wanda ya tafi Makka ke dawowa ba.

Mun isa sansanin alhazai da hantsi, aka ce jirginsu gobe da sassafe. Yini ɗaya ke nan a hannunmu. Na ce, "Inna, mu leƙa gidan Hamma?" Ta yi kamar da bango nake magana. Can ta gyara mayafi ta ce, "An ce kasuwar garin nan tsohuwa ce ƙwarai. Ina son takalmi." Na dubi sabon takalmin da ke ƙafarta, na ja bakina na tare tasi.

A hanya na dinga zuba mata tarihi kamar ni na gina garin, alhali zuwana na biyu ke nan. Na nuna mata ganuwa, na nuna mata dutsen Dala. Ta leƙa ta taga ta ce, "Wannan ne ake ta faɗa? Ai ko ƙugun dutsenmu na Bima bai kai ba." Direban tasin Bakano ne, bai sake ce mana uffan ba har muka sauka.

Kurmi lunguna ne a matse, ga warin fata, ga ƙamshin kanumfari, masu kaya a ka suna ta cewa a ba su hanya. Ina riƙe da hannunta har muka ɓullo layin 'yan yadi. Na hango Hamma yana auna wa wata mata atamfa, na ce, "Ga shi can." Sai ta saki hannuna, ta juya wa rumfarsa baya, ta tsaya gaban wani mai sayar da madubai da kwalli. Ta ɗauki madubi ɗaya ta ɗaga. Na zaci fuskarta take dubawa, har na fara tsokanarta cewa Hajiya za a yi wa Larabawa kwalliya. Da na matsa kusa sai na ga ta ɗan karkatar da shi. Hamma ne a ciki, yana naɗe yadi, ga furfura ta fara fito masa a gemu. Ta daɗe a haka, har mai madubin ya ce, "Baba, in an saya ma ana iya kallo a gida."

Hamma ya gan mu, ya taso da gudu ba ko takalmi, ya durƙusa a wannan ƙazamin lungu. "Inna, sannu da hanya. Kun zo lafiya?"

Ta dube ni ta ce, "Ka ce masa lafiya lau."

Ya rufe rumfa ya kai mu gidansa a cikin gari, wani tsohon gidan ƙasa mai sanyi, ta bayan marina. Matarsa ta yi dambu da farfesun kaza. Da aka kawo ɗansa ƙarami, mai kama da shi sak, sai Inna ta zama wata daban. Ta rungume yaron, ta shinshina kansa, tana ce masa mijinta marowaci, bai tanadar mata ko goro ba. Tana shafa kunnuwansa, tana ƙirga 'yan yatsunsa. Hamma yana zaune a bakin ƙofa yana kallo, abincinsa ya huce a gabansa.

Bayan la'asar na ce lokacin komawa sansani ya yi. Hamma ya matso ya durƙusa, kansa a ƙasa. "Inna, za ki ɗakin Allah. Ki yafe mini duk abin da na yi miki."

Wallahi na ga leɓenta ya motsa. Sai ta kawar da kai wajen randar ruwa ta ce, "Auta, gaya masa bai taɓa yi mini komai ba. Allah ya yi masa albarka."

Ya ce amin. Ya ci gaba da durƙuso, ko za a ƙara wani abu. Ba a ƙara ba.

Da ya raka mu bakin titi ya ja ni gefe, idonsa jawur. "Ko sau ɗaya ba ta dube ni ba." Na ba shi labarin madubin. Ya yi ɗan murmushi ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai dai auta ne, ka iya daɗin baki."

Inna ba ta dawo ba. Zazzaɓi ya kama ta bayan saukowa daga Arfa, aka binne ta a can. Hamma ya zo Gombe zaman makoki, yana karɓar gaisuwa ba ya cewa komai sai amin.

Da alhazai suka dawo, wata tsohuwar maƙwabciyarmu da suka yi ɗaki ɗaya da Inna ta zo yi mana ta'aziyya. Ta dubi Hamma ta ce, "Kai ne na Kanon? To ni dai na sha jin sunanka. Ranar Arfa tun da rana ta karkata take kiransa da ƙarfi, tana kuka tana roƙa maka. Na ce mata, ke ba ki da wasu 'ya'yan ne? Ta ce sauran sun ji nasu a gida."

Hamma ya matsa gabanta da gwiwoyinsa ya ce, "Goggo, yaya ta faɗe shi? Don Allah faɗa mini yadda ta faɗa."

Tsohuwar ta faɗi sunan da irin harshen Inna, ta ja ƙarshensa yadda Fulani ke ja. Ya ce ta sake. Ta sake. Sai ya ja babbar rigarsa ya rufe kansa, mutum mai 'ya'ya huɗu, kafaɗunsa suna girgiza. Ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri.

Yanzu na haura shekarun da Inna ta rasu a kansu. Ban taɓa jin haushinta ba, haka ta taras, haka uwarta ta yi wa nata ɗan farin. Amma har yau abin yana yi mini ciwo. Na je Kano ya fi a ƙirga tun daga lokacin, kuma duk wanda na raka sai ya ce mu shiga Kurmi. Nakan ce su je, zan jira su a mota.