Zaƙamin da Aka Kawo Daga Gecheme

Jiya maƙwabcina ya ƙona ciyawa a bayan gida, sai na ji warin zaƙami a cikin hayaƙin. Nan take kakana ya faɗo mini a rai.

Tsohon yana da fuka. In damina ta kankama, ƙirjinsa sai ya riƙa kuka kamar tsohuwar ƙofa. Kakata tana da zaƙaminta a jikin katanga, mai santsin ganye. Ba ta yarda kowa ya taɓa shi, kuma ma'auninta ba ya canjawa: busasshen ganye guda a kan garwashi, tsoho ya shaƙa, ya samu sauƙi.

Wata shekara ruwa ya kayar da katangar, ta danne shukar. Matar ƙanen babana, 'yar Gecheme, ta je ganin gida ta dawo da ganye a ƙulle cikin zane. Zaƙami ne, ba shakka, sai dai ganyensa yana da gashi-gashi. Kakata ta juya shi, ta shinshina, ta ɗaga ido ta dubi mai kawowa. Amma tsoho yana ta haki, dole ta ɗora guda a wuta.

Kafin la'asar bakinsa ya bushe ƙaf, idanunsa suka buɗe tar. Ya shiga tsintar abin da babu a kan tabarma, yana gaisawa da waɗanda suka daɗe da mutuwa. Na tsorata ƙwarai. Wata 'yar bori ta ce aljana Doguwa ce ta taɓa shi. Kakata ko kallonta ba ta yi ba.

"Wa yak kawo ganyen ga?" Abin da ta tambaya ke nan, alhali ta sani.

Tsoho ya warke, ya ci gaba da faɗansa. Amma daga ranar ba wanda ya ƙara cin tuwon matar nan da daɗin rai. An hana mu karɓar ko gyaɗa daga hannunta. In ta nufi randa, sai wani ya bi ta da ido. Mijinta ya yi shiru, ni kuwa har yau shirun nan ya fi ba ni haushi. Da aka gama yankan hatsi ta tafi garinsu, ba ta dawo ba.

Yanzu ɗiyata tana karatun haɗa magunguna a Yamai. Ta ce zaƙami dangi-dangi ne, sunansu ɗaya amma dafin ba ɗaya ba. Ko iri guda ne, ƙasa da lokaci suna canja ƙarfinsa. Na kai wa innata wannan magana can garinmu Matankari. Ta saurara tsaf, tana jan carbi.

"Boko ta san ganye," in ji ta. "Ba ta san macce ba."

Yau muna haɗiyar ƙwayar kasuwa ba mu tambayi hannun da ya ƙulla ta ba. Matar ƙanen babana kuwa bara ta rasu a Gecheme. Daga gidanmu ba wanda ya je gaisuwa.